Sharhi: Idan aka binne ƙananan layukan dogo, hanyar Birnin Gwari ce za ta ci gaba da biyan bashin

Garin Birnin Gwari bai taɓa samun tashar jirgin ƙasa ba. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa dogo tsakanin Minna da Kaduna, ta kudu ya bi, ta Sarkin Pawa da Gwagwada, ya bar masarautar da dajinta a gefe. Duk da haka, wuraren da mutuwar jigilar kaya ta jirgin ƙasa ta taɓa kamar Birnin Gwari kaɗan ne a Arewa.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin garin. Hanyar da ta tashi daga Mando a Kaduna, ta bi ta Buruku da Udawa, ta ratsa Birnin Gwari, ta gangara Tegina da Mokwa da Jebba, ita ce tsohuwar hanyar Legas. Siminti da man fetur da takin zamani da kwantenoni suna hawowa ta kanta, hatsi da shanu da albasa suna gangarawa. Da yawa daga cikin waɗannan kaya, a da, jirgin ƙasa ne ke ɗaukar irinsu, kuma daga ƙofar masana'anta ko rumbun ajiya yake ɗauka, ta wasu gajerun layuka da suka balle daga babban dogo suka shiga unguwannin masana'antu na Kaduna da Zariya da Kano.

Waɗannan gajerun layuka su ne ke bakin gargara a yau. Ciyawa ta rufe wasu, an yi gini a kan wasu, ɓarayin ƙarfe sun kwashe wasu. Yayin da gwamnatoci ke maganar sabunta birane da farfaɗo da masana'antu, ba a cika jin wanda ya tambayi makomarsu ba. Ya kamata a yi wannan tambaya yanzu, tun filin da suke kai bai gama zama shaguna da gidaje ba.

Yadda kaya suka sauka daga dogo suka hau kwalta

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru cinikin gyaɗa ya sauya fuskar birnin. Dalar gyaɗa da ake ta ba da labari, wadda sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da ita, buhuna ne da aka tara ana jiran taragon da zai kai su bakin teku. Daga baya aka miƙa reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau zuwa Ƙaura Namoda a 1929, aka miƙa wani daga Kano zuwa Nguru a 1930, duk domin gyaɗa da auduga da fatu da dabbobi.

Da aka shiga zamanin masana'antu, dogon ne ya nuna inda za a kafa su. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ƙarƙashin gwamnatin Sardauna, a Kakuri aka gina ta, kusa da mahaɗar jiragen ƙasa. Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo baya a wannan yanki, sannan kamfanin haɗa motoci na Peugeot a 1975. A Kano ma, unguwar Bompai ba ta yi nisa da dogo ba.

A 1964 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wato NRC, wadda aka kafa a 1955, ta ɗauki fasinjoji sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan aka fara gangara. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya tafi ga tituna, gyaɗa ta ja baya, kawunan jirage suka tsufa babu kayan gyara. Ɗan kasuwar da ya ga kayansa na kwana da kwanaki a tarago sai ya koma tirela. Masaƙun ma suka bi sahu: Kaduna Textiles ta rufe a 2002. Da masana'anta ta mutu, layin da ke shiga harabarta ya zama maraya.

Kayan dai ba su daina tafiya ba, yawansu ma ƙaruwa ya yi saboda jama'a sun ƙaru. Hanya kawai suka sauya, suka koma kan titunan da ba a gina su domin irin wannan nauyi ba.

Amfanin ɗan gajeren layi

Mutane da yawa idan aka ce jirgin ƙasa, fasinja suke tunawa da tasha da tikiti. Jigilar kaya tana da nata tsarin. Babban dogo kamar kogi yake, ƙananan layuka kuma su ne rafukan da ke zuba masa ruwa. Layin da bai wuce kilomita ɗaya ko biyu ba, wanda ya shiga cikin kamfanin fulawa ko ma'ajiyar mai ko rumbun hatsi, shi ke ba tarago damar tsayawa a ƙofar sito a yi masa lodi kai tsaye.

Idan babu wannan layi, dole a loda kaya a mota, a kai tasha, a sauke, a sake lodawa a tarago, a can ƙarshen tafiya kuma a maimaita. Kowane lodi da sauke kuɗi ne, ɓata lokaci ne, kuma buhu na fashewa, wani na ɓacewa. Mai kaya da ya yi lissafi sai ya ce tunda an riga an loda a tirela, gara ta wuce Legas kawai. Ta haka jirgi ke rasa ciniki ko da kuɗin dakonsa ya fi sauƙi.

Lissafin nauyi ma ba ya buƙatar masani. Tirelar siminti ta yau da kullum tana ɗaukar buhu 600, tan 30 ke nan. Jirgi guda da ya ja kaya tan 900 ya cire tirela 30 daga kan titi a tafiya ɗaya. Injiniyoyin hanya sun daɗe da sanin cewa lalacewar kwalta tana ninkuwa sosai da ƙaruwar nauyin da ke kan kowace ƙafar mota, ta yadda tirela ɗaya mai lodi fiye da ƙima ke yi wa titi ɓarnar da dubban ƙananan motoci ba za su yi ba. Wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, mai tsawon kusan kilomita 120, ya ga shaidar haka da idonsa.

Ramin titi da bakin bindiga

A wasu wurare lalacewar hanya tana jawo asarar taya da ɓata lokaci. A dajin Birnin Gwari ta jawo asarar rayuka. Dajin Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da Kuyambana da sauran dazuzzukan da suka miƙa zuwa Zamfara da Katsina da Neja. Shekaru sama da goma 'yan bindiga suka mayar da shi mafaka. Inda rami ya tilasta wa direba rage gudu, nan ne mai garkuwa da mutane ya fi samun sauƙin tare hanya. Tirelar da ta lalace ko ta faɗi a tsakiyar daji takan tare motocin da ke bayanta, a bar fasinjoji a fili.

An kai lokacin da matafiya ba sa bin hanyar sai da rakiyar jami'an tsaro, manyan motoci da dama kuma suka koma zagaye ta Suleja da Minna da Bidda. Can ma titunan suka ragargaje, har gwamnatin Jihar Neja ta taƙaita zirga-zirgar manyan motoci a wasu hanyoyinta a 2020. Nauyin da aka kora daga wani titi, wani titin ya je ya kashe.

A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ƙarƙashin Gwamna Uba Sani ta sanar da sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai a yankin, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Ra'ayoyi sun bambanta a kan sulhun, kuma ɗorewarsa abin sa ido ne. Amma motoci sun dawo kan hanyar, manoma sun koma gonakin da suka bari. Dawowar tireloli albishir ne ga mai sayar da abinci da mai faci a bakin titi. Ita kuwa kwaltar, tsohon nauyinta ne ya dawo mata.

Darasin jirgin Zariya zuwa Jos

Arewa ta taɓa rasa ƙaramin layin dogo ɗungurungum, kuma ya kamata a tuna yadda abin ya faru. Tsakanin 1912 da 1914 an shimfiɗa wani siririn dogo daga Zariya ta Rahama zuwa Jos da Bukuru, mai tsawon kilomita kusan 230, domin fitar da kuza daga tsaunukan Filato. Faɗinsa milimita 762 ne kawai, bai kai na babban layi mai milimita 1,067 ba. Saboda haka duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke an sake lodawa.

A 1927 reshen babban dogo daga Kafanchan ya isa Jos, kuza ta samu hanyar zuwa Fatakwal ba tare da sauke-sauke ba. Ƙaramin jirgin ya ci gaba da lallaɓawa da fasinjoji da kayan gona har aka rufe shi a 1957, aka cire ƙarafansa. Garuruwan da ke kan layin tsakanin Zariya da Jos ba su sake ganin jirgi ba har yau, kusan shekara 70.

Abu biyu wannan tarihi ya nuna. Layin da faɗinsa ya saɓa da na babban dogo, kwanansa ƙidayayye ne idan ba a yi masa dabara ba. Kuma layin da aka cire, aka bar filinsa ya shiga hannun jama'a, da wuya ya dawo.

Sabon dogo, tsohon tarko

Tarkon da ya kama jirgin Zariya zuwa Jos shi ne ke jiran ƙananan layukan Kakuri da Zariya da Kano. Tsohon dogon Najeriya, mai tsawon kimanin kilomita 3,500, faɗinsa milimita 1,067 ne, haka ma duk rassan da suka shiga masana'antu. Sababbin layukan kuwa milimita 1,435 ne: na Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186 da aka buɗe a watan Yuli na 2016, na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na wannan shekarar. Taragon sabon layi ba zai hau tsohon ba.

Tashar sabon jirgin Kaduna tana Rigasa. Masana'antu da rumbunan ajiya suna Kakuri da Kudenda da kewayensu. Idan ba a tsara yadda za a sada su ba, za a wayi gari da dogon da aka kashe biliyoyin daloli a kansa yana wucewa ta gefen gari, kayan kuma suna kan tirela kamar jiya.

Tashoshin tsandauri sun ƙara fito da matsalar. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta Kaduna a Kakuri a watan Janairu na 2018, ya buɗe ta Dala a Zawaciki kusa da Kano a watan Janairu na 2023, sannan aka buɗe ta Funtuwa a 2024. Manufarsu ita ce ɗan kasuwar Arewa ya karɓi kwantenarsa ko ya tura kayansa waje daga gida, ba sai ya je Apapa ba. Wannan manufa a kan jirgi ta dogara. Tashar tsandaurin da kwantenoninta ke zuwa a bayan tirela ta zama babban garejin mota mai ofishin kwastan. Jigilar kwantena ta tsohon layin Legas zuwa Kano, wanda aka gyara aka sake buɗewa a watan Disamba na 2012, ta kasance yau a fara, gobe a tsaya, saboda ambaliya da satar ƙarafa da ƙarancin kawunan jirgi da matsalar tsaro.

An ma taɓa gwada abin da ya shafi makiyaya kai tsaye. A 2016 an ɗauki shanu kusan 500 a jirgi daga Gusau zuwa Legas, aka yi ta murna. Gwajin ya nuna abin mai yiwuwa ne, amma bai zama al'ada ba. Har yanzu a tirela shanun Arewa ke yin wannan doguwar tafiya, suna ramewa a hanya, wasu suna mutuwa.

Fili ya yi daraja

Babban abin da ke barazana ga ƙananan layuka a yau shi ne tsadar fili. Kakuri da Bompai da unguwar tasha a Zariya, a da bayan gari ne. Yanzu suna tsakiyar birni. Harabar masaƙar da ta mutu ta zama abin kwaɗayi ga mai son gina rukunin gidaje ko kanti ko wurin biki. Gefen dogo kuma ya cika da rumfuna da gareji da kasuwanni, wasu da takardar haya, wasu babu.

Mai sayen tsohuwar masana'anta ba shi da dalilin damuwa da wasu ƙarafa biyu masu tsatsa da suka ratsa filinsa. Zai cire su, ya zuba kankare. Idan fuloti ɗaya a tsakiyar layi ya toshe, duk masana'antun da ke bayansa sun yanke daga dogo har abada, domin sake buɗe hanyar na nufin rusau da biyan diyya da shari'a. Tsirin fili mai faɗin 'yan mitoci da aka samu kusan kyauta shekara 60 da suka wuce, yau sai an kashe kuɗi masu yawa kafin a sake samun irinsa.

A gefe guda kuma ga masu kwance ƙarafan dogo suna sayar wa 'yan gwangwan. Jami'an tsaro sun sha kama manyan motoci maƙare da ƙarafan dogo a jihohin Arewa. Layin da jirgi ba ya bi shi ne ya fi sauƙin sacewa, domin babu mai lura ya ɓace sai bayan watanni.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Wannan matsala ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A Ingila, rahoton Beeching na 1963 ya kai ga rufe dubban kilomitoci na rassan dogo. Daga baya an kashe kuɗi masu yawa wajen sake buɗe kaɗan daga cikinsu, wasu kuma sun gagara saboda an yi gini a kai.

A Amurka, bayan dokar Staggers ta 1980 da ta sassauta wa kamfanonin jirgin ƙasa, manyan kamfanoni sun riƙa sayar da rassan da ba sa kawo musu riba ga ƙananan kamfanoni. Yau akwai irin waɗannan ƙananan kamfanoni kusan 600. Wani layinsa bai wuce 'yan kilomitoci ba, aikinsa kawai ya kwaso taragai daga masana'antu ya miƙa wa babban jirgi. A 1983 kuma ƙasar ta yi dokar da ta ba da damar adana hanyar dogon da aka daina amfani da ita: a bar jama'a su riƙa yawo a kai, amma filin ya zauna a dunƙule ko da za a sake buƙatarsa. Jamus kuwa tun 2004 take tallafa wa kamfanonin da ke son gina ko farfaɗo da layin da ke shiga harabarsu.

Akwai kuma inda birni ya yi nasara a kan jirgi. A New York, wani dogon kaya da ke kan gada ya ga jirginsa na ƙarshe a 1980, aka mayar da shi wurin shaƙatawa da aka buɗe a 2009, gidajen kewayensa suka yi tsada. Can masana'antun sun riga sun bar unguwar, kuma ƙasar tana da wasu hanyoyin dogo masu yawa. Kaduna da Kano ba su da wannan gatan. Su masana'antun suke nema su dawo.

Hujjar masu cewa a haƙura

Masu ganin a bar tsofaffin layuka su tafi suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Birane na buƙatar gidaje da kasuwanni. Jirgin da ke ratsa unguwa mai cunkoso haɗari ne, musamman inda mutane suka saba baje koli a kan dogo. Wasu layukan suna zuwa masana'antun da ba za su taɓa tashi ba. Kuma harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, wanda ya dakatar da zirga-zirga har zuwa Disamba na wannan shekarar, ya nuna dogo ma bai tsira daga 'yan bindiga ba.

Akwai kuma batun abinci. Dubban direbobi da yaran mota da makanikai da 'yan lodi suna ci daga tirela. Garuruwan kan hanya, har da Birnin Gwari, suna samun ciniki daga tsayawar manyan motoci.

Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa babu mai hankalin da zai ce a adana kowane guntun ƙarfe. Abin da ake nema shi ne a tantance kafin a zubar. Game da direbobi kuwa, jirgi ba ya zuwa gona, ba ya zuwa kasuwar ƙauye. Ko a ƙasashen da dogo ya fi ƙarfi, mota ce ke kai kaya tasha, ita ke kwashe su daga tasha. Abin da zai ragu shi ne tafiyar kilomita dubu da lodi fiye da ƙima, wadda ke kashe titi, take kuma kashe direban. Aikin gajeren zango ƙaruwa zai yi. Batun tsaro kuma, gadin layi guda da aka san lokacin wucewar jirginsa ya fi sauƙi a kan gadin ɗaruruwan motoci da ke warwatse a daji dare da rana.

Rabon Birnin Gwari

Bai dace a yaudari mutanen Birnin Gwari da alƙawarin tashar jirgi ba. Babu wani aikin dogo da ake yi yanzu da ya nufi garin. Amma masarautar tana tsakanin wurare biyu masu dogo: Kaduna ta gabas, Funtuwa ta arewa, kuma akwai titi zuwa kowannensu, dukkansu kuma suna da tashar tsandauri.

Yankin ƙasar noma ce. Masara da dawa da waken soya da shinkafa na fitowa daga Dogon Dawa da Kuyello da Randagi da sauran gundumomi. Manomin da ke can shi ke biyan kuɗin mota sau biyu: a cikin farashin takin da ya saya, da kuma a cikin ragin da dillali ke yi masa a kan buhu saboda tsadar kai kaya Kudu. Idan akwai wurin lodin hatsi da dabbobi mai layin dogo a Funtuwa ko Kaduna, motar da ta ɗauko masararsa za ta yi tafiyar sa'o'i kaɗan ta juyo, jirgi ya ƙarasa sauran. Taki ma ta nan zai hawo.

Riba ta biyu ita ce titin kansa. Duk kuɗin da gwamnatin tarayya za ta kashe wajen gyaran hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari zuwa Tegina, idan nauyin siminti da mai da kwantena na rabin Arewa ya ci gaba da bi ta kai, 'yan damuna kaɗan za su cinye shi. Titin da ya huta da wannan nauyi zai daɗe, kuma titi mai kyau wani ɓangare ne na tsaro: motar asibiti da ta jami'an tsaro za su isa da wuri, direba ba zai tsaya a inda bai kamata ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, Hukumar NRC da gwamnatocin Kaduna da Kano da Katsina da Zamfara su ƙidaya duk ƙananan layukan da ke biranensu, su zana taswirarsu, su wallafa ta kowa ya gani: wanne ke nan, wanne aka cire, wanne aka yi gini a kai, kuma da izinin wa. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya tana da masanan da za su iya wannan aiki.

Na biyu, a dakatar da sayarwa ko bayar da hayar dogon zango a kan duk wata hanyar dogo da ke cikin unguwar masana'antu har sai an kammala tantancewar. Hukumomin filaye na jihohi su sa sharaɗi a takardar duk wanda ya sayi tsohuwar masana'anta cewa ba zai yi gini na dindindin a kan hanyar dogo ba. Ko babu jirgi yau, a bar filin a buɗe.

Na uku, kafin a kammala layin Kaduna zuwa Kano da na Maraɗi, a bayyana wa jama'a yadda za a sada su da Kakuri da Zawaciki da sauran wuraren da kaya suke, ko ta sabon reshe, ko ta shimfiɗa ƙarfe na uku a inda ya yiwu, ko ta filin sauya kwantena mai na'urar ɗagawa. Reshen Zariya zuwa Ƙaura Namoda kuma, wanda Funtuwa ke kansa, a faɗi matsayinsa a fili.

Na huɗu, jihohi su yi amfani da damar da suka samu. Gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kai. Yawancin maganar da ake ji tun lokacin ta jirgin fasinja na cikin gari ce. Jirgin kaya ba ya jan hankali a ranar yanke kyalle, amma shi ke rage farashin buhu. Majalisun jihohi za su iya yin dokar da za ta ba ƙananan kamfanoni ko ƙungiyar masu masana'antu damar karɓar gajeren layi su gyara su gudanar.

Na biyar, a bi sawun masu sayen ƙarafan dogo na sata har zuwa inda ake narkar da su. Kama yaron da ya kwance ƙusa ba zai hana komai ba muddin mai saye na zaune lafiya. A kuma dawo da awon nauyin manyan motoci a manyan hanyoyi da gaske.

Na ƙarshe, wakilan Birnin Gwari a Majalisar Dokokin Jiha da Majalisar Tarayya, da masarauta, da ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwar hatsi, su ɗauki wannan batu a matsayin nasu. Sun saba neman gyaran titi, kuma suna da gaskiya. Su haɗa da tambayar abin da ake yi da dogon Kakuri da na Funtuwa, domin daga can nauyin da ke fasa titin nasu yake tasowa.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Adana tsirin fili a yau takarda da sa hannu kawai yake buƙata. Idan aka bari aka yi bene a kansa, jikokin manoman Dogon Dawa za su ji labarin layin Kakuri kamar yadda ake jin labarin jirgin Rahama, tireloli kuma suna nan suna layi a cikin dajin.